Hayaƙin da Ya Tsaya a Kusurwa

Har gobe ba zan manta da ranar da muka gwada iska a rumfar fentin jiragen soja ba. Lokacin ni ne shugaban masu walda a shantiyen, wato wurin aikin ginin, kullum daga Zongo nake hawan zemijan, babur ɗin haya, in tafi. Rumfuna biyu muka gina, ta gyara da ta fenti. Ta fentin ce ta ɗaure mini kai. Me ya sa bututun zuƙar iska yake ƙasa, dab da daɓe?

Na tambayi injiniyarmu, Madam Akosiwa. Ta ce, "Papa Sani, tururin fenti ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In ya taru, masu fenti su shaƙa, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara."

Ƙa'idar ita ce, kafin a miƙa ginin sai a kunna fankoki, a saki hayaƙi a ga inda yake bi. Kapiten ɗin da zai sa hannu ya zo da kansa. Hayaƙi ya miƙe tiryan-tiryan ya shige bututu, kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa kusurwar gabas nake kallo, don a can bututu ya ci karo da ginshiƙi, na lanƙwasa shi ban gaya wa kowa ba. Hayaƙin wurin bai fita ba, juyi kawai yake yi.

Kapiten ya zaro biro. Na san in na yi magana aikina na iya tafiya, amma na ce, "Mon kapiten, a dubi can."

Madam ta tsuguna a wurin, ta daɗe tana kallo. "Wa ya lanƙwasa?"

"Ni ne, Madam."

"Da ka zo mini, da mun zana shi tare. Yanzu yaya kake ganin za a kauce wa ginshiƙin?"

Na zana mata da alli a daɓe, ta gyara wuri biyu. Kapiten ya mayar da bironsa, ya ba mu mako guda. Takardar gargaɗi dai na karɓe ta, amma a gwaji na biyu ni Madam ta miƙa wa tukunyar da ake sakin hayaƙin da ita.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in zane ya ƙi ƙarfe, kada ku sasanta su a ɓoye. Akwai wanda zai yi shekaru yana numfashi a ɗakin, kuma ba zai taɓa sanin sunanku ba.