Jakin da Sai da Rediyo

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo ƙarar jaki a tiken Gidan Rumji ba, wato kasuwar dabbobi, bara, ana dab da shuka. Aikina a tike gwajin jakuna ne: in ɗaura wa jaki amalanke, in zaga da shi, mai saye ya ga tafiyarsa. Ƙa'idar wurin kuwa, in dabba ta fito da aibin da aka ɓoye, mai saye na iya maido ta kafin kasuwa ta zagayo. Sarkin tike ke sauraren ƙara, sai ta gagare shi ake zuwa jastis, wato kotu.

Inna Hajara ce ta zo daga Sae Sabuwa, ta ce jakin da ta saya wurin Baba Ila ya ƙi motsi, ga takinta jibge a ƙofar gida ba a kai gona ba. Baba Ila ya rantse jakin ya fi kabu-kabu gudu. Sarki ya ce in gwada.

Na ja, na tura, na roƙe shi da girman iyayensa. Ko kunne bai kaɗa ba. Da tsamiyar tike na ɗaura wa amalanken, da ta riga shi tashi. Amma Baba Ila na hawa, jaki ya kama hanya kamar ango. Na bi su a ƙasa ina neman sirrin: ba sanda, ba tsaki, sai rediyon da ke rataye a wuyan tsohon yana ta surutu. Na roƙa a kashe. Jaki ya tsaya cak. Aka kunna, ya ci gaba.

Tike ya rabu biyu. Wasu suka ce sabo ba aibi ba ne, wasu suka ce jakin ya fi su sanin labarun duniya.

Sarki ya dubi Baba Ila. “Ila, jaki mai tafiya ta saya ko na kallo?”

“Mai tafiya, ranka ya daɗe.”

“To rabinsa ka ba ta. Ko ka cika mata, ko ka karɓi abinka.”

Baba Ila ya cire rediyon kamar ana zare masa haƙori. Inna Hajara ta karɓa, ta ce, “Malam Ila, har da pil.” Wato ko batirin ba za ta bar masa ba.

Ranar na gane mai saye aikin dabba yake saye, ba fatarta ba. Yanzu kafin in gwada jaki, sai na sa mai shi ya koma bayan masallaci da duk abin da ke jikinsa.