Baba Irimiya da Libarbar da Ba Ta Taɓa Shan Jini Ba

Kafin masu kunu su sauke tukunya, Baba Irimiya ya riga ya share barandar disfensaren Birnin Kebbi, ya dafa almakashi, ya jera aidin da bandeji. Daga nan sai layi ya miƙe: mai gyambo, mai kurkunu, wanda lauje ya sara a gonar shinkafa. Haka yake tun da ya dawo daga yaƙin Bama, inda ya yi aikin ɗaurin rauni a soja. Kirista ne daga ƙasar Jos, amma ya daɗe a nan har tuwon shinkafa ya kama shi. A watan nan na shekarar 1963 ya ajiye aikin diresa, wato mai ɗaurin rauni, kuma ba za mu bari ya tafi hutu shiru ba.

Mutumin nan ba ya shan taba, ba ya zaman dara. Abin da ya ɗauke masa hankali a duniya shi ne wata tsohuwar libarba, ƙaramar bindiga mai cin harsashi shida, wadda likitan sojan da ya yi wa aiki ya bar masa, da lasin ɗinta da komai. Ƙotarta ta sha hannu har ta yi sulɓi. Matarsa Kezia ta gaji da ɓoye man keken ɗinkinta, don duk inda ta sa shi sai ya gano ya shafa wa bindiga.

"Da ni kake shafa wa man nan, da yanzu na koma budurwa," in ji ta. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da goge-gogensa.

Ran Asabar da la'asar yakan hau keke ya nufi gindin tsauni bayan gari, da fasassun gorunan da masunta suka yar. Sai ya zagaya bayan tudu da ƙafa ya tabbata babu makiyayi, babu mai itace, sannan ya jera gorunan ya ja da baya. Ba gwani ba ne na a zo a gani, kada mu yi masa ƙarya. Wata rana gorunan su tarwatse, wata rana su koma gida lafiya lau. Amma in ya samu ɗaya, sai ka ga dattijo yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Alfaharinsa ɗaya ne, kuma kowa ya sha jinsa: libarbar nan ba ta taɓa shan jini ba, ko na kurciya. Ya ɗaure raunin harsashi a Bama har ya ƙoshi, ya kuma rantse ba za a ɗaure wani saboda shi ba. Mafarautan da ke zuwa kallo sun haddace karatunsa. Bakin bindiga ba ya kallon mutum, ko da babu komai a cikinta. In ka ja kunama ta ƙi tashi, kada ka sauke, kada ka leƙa, domin tsohon harsashi yakan yi nawa sannan ya tashi. Wasu suna ji, wasu suna cewa tsoron tsufa ne.

Shekara uku da suka wuce, sai ga bikin samun mulkin kai. A Argungu aka shirya tseren jiragen ruwa tsakanin matuƙan Gulma da na Augie, aka rasa wanda zai harba bindigar tashi. Duk wanda aka ambata, sai wani ɓangare ya ce surukin wancan ne. Malam Abdussamadu, malamin makarantar da aka ɗora wa shirin, shi ya tuna da diresan Birnin Kebbi, wanda ba shi da kawu a Gulma, ba shi da gwaggo a Augie. Kowa ya yarda. Baba Irimiya ya sa tsohon kakinsa, Kezia ta goge masa shi har yana ƙyalli.

Malam Abdussamadu yana kusa da shi a bakin gulbi, daga bakinsa muka ji yadda aka yi. Jirage sun jeru, matuƙa sun ɗaga filafilai, makaɗa sun yi tsit. Baba Irimiya ya ɗaga libarba sama, bakinta ya nufi fadamar da ya riga ya duba, ya ja kunama. Ƙas. Ba ta tashi ba.

Ruwa kuwa ba ya jira. Ya fara jan jirgin Augie gaba kaɗan-kaɗan. Dikko, jagoran mutanen Gulma, ƙato ne mai saurin fushi, yana ganin haka ya ɗauka an haɗa baki. Ya ratsa mutane ya cafke damtsen dattijon.

"Baba Diresa, mi kaka jira? So kaka yi su wuce mu? Sauke wagga tsohuwa mu gani."

"Sake ni, ɗana. Ba ta gama magana ba."

Dikko bai saki ba, ya ja hannun ƙasa da ƙarfi, kuma in hannun ya sauko, bakin bindigar a ƙirjinsa zai tsaya. Baba Irimiya ya ji tsoro ya kama shi, shi ya faɗa da bakinsa daga baya. Ya kawo hannun hagu ya tallafi na dama, ya kafa ƙafafu a laka, ya cije. Mutumin da furfura ta cinye wa kai, ga ƙato yana lilo a hannunsa, ga jama'a ana yi masa ihun ya sauke. Kafaɗarsa ta yi ƙara. Bai sauke ba.

Sai libarba ta tashi, harsashi ya tafi sama inda aka nufe shi. Jirage suka fyalla, ganguna suka ɓarke, gulbi ya ɗauki sowa. Gulma ce ta ci tseren, amma Dikko bai gani ba. Yana zaune daɓas a laka, yana shafa ƙirjinsa, yana salati.

Baba Irimiya, kai ne ka riƙe hannunka a sama ranar da gari guda ke ce maka ka sauke. Kai ne ka koma bakin aiki washegari da kafaɗa a ɗaure, ka wanke gyambon mutane da hannu ɗaya, ba ka ko ba da labari ba. Dattijo mai hannun aidin, makarin gorunan Asabar. Da ka biye wa ihu, da bikin da muka yi shekaru muna jira ya ƙare da makoki a Gulma.

Har yau kafaɗar ba ta koma daidai ba, harbinsa ma ya ƙara lalacewa, Kezia ta ce yanzu gorunan har barci suke yi a gabansa. Amma mafarautan da suke cewa tsoron tsufa ne sun daina. Yanzu in bindigar ɗayansu ta ƙi tashi, sai ka ga ya daskare da ita can nesa da mutane, yana jira.

Ranar da aka yi masa sallama a disfensare, ana cikin shan shayi sai ga jaki a ƙofa, an labta masa fasassun goruna har ba a ganin kunnuwansa. Dikko ne ya koro shi tun daga Gulma. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kama hannun daman dattijon da hannu biyu.

"Baba, ga abin harbi na kawo maka. Wanga hannu nika son in gaishe shi, don shi ya bar ni da rai."

Mun gode, Baba Irimiya, Allah ya ba ka hutu mai daɗi da Asabar masu yawa. Ku kuma da ke da bindiga a rataye a ɗaka, ku je gindin tsauni ku ga yadda ake riƙe ta. Za ku same shi can ya ajiye keke, yana zagaya bayan tudu da ƙafa kafin ya ɗura harsashi ko ɗaya.