Baba Ribas da Layukan da Ba Sa Ɓullewa

Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa motar kwasar shara, amma sai a goman ƙarshe aka fara kiransa Baba Ribas. Lokacin da ya kama aiki garin bai taka kara ya karya ba. Kasuwa ce a tsakiya, layuka sun sarƙe da juna a kewayenta, duk wanda ka shiga zai miƙa ka ga wani. Da safe ya ta da mota, ya yi ta zagaye har rana ta take, bai koma da baya ba ko sau ɗaya.

Daga baya gari ya fara miƙe ƙafa. Gonakin bayan asibiti suka zama fulotai, fulotai suka zama gidaje. Duk wanda ya yanka fili sai ya ja layi ɗaya daga babban titi, ya jera gidaje hagu da dama, ya toshe ƙarshen da katanga. In ka shiga da mota mai taya goma babu wurin juyawa, yadda ka shiga da kai haka za ka fito da baya. Sauran direbobi sun sha goge katangar mutane. Shi kuwa sai ya fito da baya tafiyar gida ashirin, hannu ɗaya a sitiyari, ido a madubi, bai tsinka ko igiyar shanya ba. Dogo, abokin aikinsa mai loda shara, shi ya raɗa masa sunan, ya kuwa bi shi har gida.

"Malam, wuyan nan naka fa ya karkace," in ji matarsa, tana shafa masa man zafi. "Jiya kana cin abinci kana waiwaye, sai ka ce ana bin ka."

"Sabo ne. In ban ga bayana ba hankalina ba ya kwanciya."

Wata Litinin ya iso gareji ya tarar da shugabansu tsaye da wata mata, ta rungumo naɗaɗɗiyar takarda mai tsawon tabarya. Aka ce masa daga ofishin tsara gari take, mai zana taswira ce, kuma za ta bi motarsa mako guda. Ya dube ta, ya dubi motar.

"'Yata, kin san abin da muke ɗauka kuwa? Ba turare ba ne."

"Na sani, Baba. Na tambaya wa ya fi kowa sanin layukan garin nan, mutum uku suka nuna ni nan."

Ya kakkaɓe mata kujera da hularsa, ta hau. A hanya ta yi masa bayani. An sa ta auna yadda garin ke bazuwa, kuma ba faɗinsa kawai ake dubawa ba. Ana ƙirga mararraba, inda hanya uku ko huɗu suka haɗu, sannan a ƙirga layukan da ba sa ɓullewa. Unguwar da mararrabarta ke da yawa, mutum zai taka da ƙafa ya isa ko'ina. Wadda layukanta ke toshe kuwa, maƙwabcinka na bayan katanga sai ka hau abin hawa kafin ka gaishe shi.

Baba Ribas ya taka birki har Dogo ya buga jikin mota daga baya yana masifa.

Ya juyo ya dube ta. "Au, dama wannan abin karatu ne? Har ofis gare shi? Shekara goma ina faɗa a gareji ana ce mini ƙorafi ya yi mini yawa!"

Ta yi dariya ta buɗe taswirar a cinyarta. Daga hoton sama aka zana ta, kowane layi a fili. Amma ba su yi awa ɗaya ba ya fara yi mata gyara. Ta nuna wani layi ta ce su bi, yana fita bayan makaranta.

"Da yana fita. Bara mai walda ya kafa rumfa a bakinsa. Ko akuya sai ta yi sallama."

Ta soke da jan biro. Can gaba ta nuna wani ta ce wannan a toshe yake. Ya ce ga mota a toshe yake, amma ta sauka ta leƙa. Ta sauka, ta tarar da 'yar siririyar hanya tsakanin katanga biyu, ƙafa ta daddale ta sumul, mata na wucewa da kaya a ka. Ta dawo tana rubutu da sauri.

Ganin ta ɗauki abin da gaske, shi ma ya ƙirƙiro nasa ma'aunin. Washegari ya zo da gwangwani biyu, ɗaya cike da tsakuwa. Duk lokacin da ya saka giyar ribas sai ya jefa tsakuwa ɗaya a ɗayan. A tsohon gari, wuni guda, tsakuwa uku. Ranar sabuwar unguwa kuwa gwangwanin ya ƙare kafin aiki ya ƙare, sai da Dogo ya tsinto masa ƙari a bakin hanya. Talatin da tara.

Ranar Juma'a ta zo da sakamakon kwamfutarta. A tsohon gari, cikin kowane layi ɗari, huɗu ne kawai ba sa ɓullewa. A sabuwar unguwa, arba'in da ɗaya.

"To ai gwangwanina bai yi ƙarya ba," ya ce. "Kwamfutar taki ta yi ƙoƙari."

Bayan wata biyu aka kira taro a ofishin tsara gari, ta dage sai ya zo. Matarsa ta goge masa rigarsa mafi kyau, ta ce kada ya kuskura ya shiga ɗakin taron da baya. Ya zauna a ƙarshen dogon tebur, sanyin ɗakin na ratsa shi. Mai taswira ta nuna zane-zane a bango, manya suna gyaɗa kai, wani ma har ya fara gyangyaɗi. Sai ta ce direban da ya zagaya da ita zai yi magana.

Ya miƙe, ya rasa ta inda zai fara. Sai kawai ya zazzage tsakuwarsa a kan tebur, kashi biyu. Mai gyangyaɗin ya farka a firgice.

"Ranku ya daɗe, ni ban yi karatu mai zurfi ba. Wannan uku tsohon gari ne, wannan tulin sabuwar unguwa. Ni shara nake ɗauka, in na makara wari ne kawai. Amma ranar da motar kashe gobara za ta shiga layin nan, ko motar asibiti, ita ma da baya za ta fito."

Shugaban taron ya jawo taswirar gabansa ya ce, "Baba, in an ce ka buɗe wuri ɗaya, ina za ka buɗe?"

Bai yi wata-wata ba ya ɗora yatsa. Wani kwari ne ƙarami da ya raba layi biyu masu kallon juna, tsakaninsu bai fi taku talatin ba, amma a mota sai ka yi zagayen minti goma sha biyar.

Ba a buɗe ko'ina da ko'ina ba, kuma sai da aka shekara kafin a zuba kwalbati a kwarin. Amma an zuba. An kuma ce duk mai yanka sababbin fulotai sai ya nuna ta inda layinsa zai fita.

Ranar da ya fara haye kwalbatin da motarsa, tafiya yake a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, Dogo na rawa a baya. Suna sauka ɗaya ɓangaren sai ga wata tsohuwa ta fito daga gidan ƙarshe da bokitin shara, tana ɗaga hannu tana faɗa.

"Kai direba! Da in ka shiga nakan jira fitowarka in miƙo shara. Yanzu ka wuce fuu, wa zai jira ni?"

Ya tsaya, ya sauko da kansa ya karɓi bokitin.

"Yi haƙuri, Iya. Daga gobe tun daga bakin layi zan danna miki hon sau uku."

"Sau biyar," ta ce. "Kunnen nan ba kamar da ba ne."

Suka shirya a kan biyar.