Farfelar da Malam ya bar mini a kan soro

Shekara goma sha biyu ke nan, a wannan bazarar, da aka ɗauki Malam daga gidan nan aka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu da furfura ba. Dattawan ƙasar Mallawa sun san shi da Mai Farfela. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ɗiyata Rabi ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa.

Tun lokacin sanyi ɗana Habu ya zo mini da magana. Ya ce sorona ya gaji, yana so ya zuba kwano kafin ruwa ya sauka, kuma sai an sauke farfelar babansa kafin a taɓa komai. Ya ce amma ba zai sa hannu ba sai na yarda. Na daɗe ban ba shi amsa ba. Dalilin shirun nan nawa, shi zan faɗa muku.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, dogon ƙarfe ne a tsaye a kan soro, a samansa fukafukai uku da Malam ya yanko daga tsohuwar gangar mai, a bayansu kuma wutsiya kamar ta kifi, mai juya su su fuskanci iska. Iska ta kaɗa, su juya, dinamon mota da ya samo a kasuwar Magariya ya ba da wuta, waya ta sauko da ita cikin batir a ƙarƙashin gadona. Shi bayan noma gyaran keke da moto ne sana'arsa. A wajen cin rani, can ƙetaren iyaka, ya ga irinta, ya dawo da ita a cikin kansa. Ya ɓata ganguna, ya sake ɓatawa. Maza a ƙofar masallaci suna tambayarsa yaushe jirgin nasa zai tashi su ɗaure kayansu, shi kuwa sai ya ce su yi haƙuri, wuraren zama sun cika.

Ran da ƙwan fitilar ya kama, bayan magariba ne, ina kwashe tuwo. Na ɗaga kai na ga ashe bangon ɗakina ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin fitilar kwano, ban taɓa sani ba. Wutar ba ta da yawa. Iska ta yi ƙarfi ta haska, iska ta lafa ta lumshe. Amma a ƙarƙashinta yarana suka yi karatu, da ita rediyon Malam ya daina cin batir na saye, kuma da salula ta zo gari, a gindin gadona rabin unguwa ke cika tasu.

Ana nan, ana nan, damina ta zo, sai muka ga inda wahalar take. In hadari ya haɗu, iskar da ke gabansa ta fi ƙarfin farfela. Dole a hau a ɗaure fukafukan da igiya, in ba haka ba su karye. A garinmu kuwa namiji ba ya hawa soro sai ya yi shela, don daga sama ana ganin tsakar gidajen mutane, mata na daka da ɗaurin ƙirji, wata tana wanka. Sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya, kuma ba zai taka ba sai an amsa masa. Magini sau ɗaya yake yin haka a shekara, lokacin yaɓe. Malam kuwa duk hadari sai ya yi.

Maƙwabciyarmu ta gabas, Delu, makewayinta na jikin katangarmu, bakinta kuma ba ya jin tsoron kowa. Malam ya ce, "Salamu alaikum masu gida, za a hau bisa," sai ka ji ta daga can: "Sai ka jira, Mai Farfela, ban gama ba." Wani lokaci da gaske take, wani lokaci tana zaune ne kawai tana tsince wake. Shi kuwa ya jira.

Wata la'asar hadari ya taso baƙi wuluk. Malam ya yi shela, kowane gida ya amsa, ban da gidan Delu. Ya sake, shiru. Farfela tana ta kuka a sama kamar za ta tsinke. Na ce masa ya hau, wataƙila ta tafi rijiya. Ya ce wataƙila kuma tana ciki ba ta ji ba. Hannunsa na kan tsani, ƙafarsa na ƙasa, idonsa na sama, har fiffike ɗaya ya ɓalle ya faɗa bayan gida, sauran suka lanƙwashe. Aikin rani guda ya lalace yana kallo. Daga baya muka ji Delu tana gidan suna a wata unguwa, ba kowa a gidan sai kaji.

Bai yi faɗa da kowa ba. Ya gyara abinsa a zaure, yana ta bugu. Ran da ya gama, ya dube ni ya ce, "Ke fa, ba a yi miki shela."

Na ce ni, uwar 'ya'ya, in hau tsani kamar ƙadangare? Ya ce mace a kan soro ba ta kunyata kowa. Ya sake tsanin, ya matso da matakan kusa da juna saboda zanena. Ya koya mini a ƙasa tukuna: in fara kama wutsiyar, in juya ta farfela ta ba iska gefe, in jira fukafukan su gaji, sannan in zarga igiya. Shi yana riƙe da tsanin, fuskarsa na kallon bango.

Shi ke nan, na hau. Jama'a, tun ina yarinya aka kawo ni garin nan, amma daga bakin ƙofa na san shi. Ranar na ga gonakin gero shimfiɗe har inda ido ya ƙare, na ga gawo da kuka, na ga hanyar Dungass da amalanken jakai suna sauri su riga ruwa, na ga hadari tsaye a gabas kamar katanga. Na manta abin da ya kawo ni, sai da Malam ya yi gyaran murya daga ƙasa.

Daga nan hawa ya zama nawa. Mata suka saba, da sun hango ni sai su tambaya ko ruwa ne ko iska ce kawai, su san ko za su kwashe shanya. Delu ta fi kowa tambaya, in na yi kuskure kuma ta fi kowa gori. A kan katangar nan muka zama aminai.

Yau in Malam ya dawo, me zai ce? Kusan kowane rufi da farantin sola, har a kasuwar Kwaya ana shimfiɗa su kamar tabarmi. Ba igiya, ba gudun hadari. Na san shi, da shi zai fara saye, ya kwance bayansa ya ga abin da ke ciki. Abin da zai dame shi daban ne. Samari na hawa rufi su goge farantin, salula a kunne, ba wanda ya ce uffan. Ba mai amsawa, tunda ba mai kira.

Bayan rasuwarsa na ci gaba da hawa har gwiwoyina suka ƙi. Hawan ƙarshe na ɗaure ta, ta zauna a ɗaure shekaru. Inda ƙarfen ya shiga soro kuwa ruwa ya sami hanya, azara ta ruɓe, bara da kwarya a gefen gado na yi damina. Habu tsoronsa kada soron ya rufto mini. Ni kuma in na fito da safe na ɗaga kai na gan ta, sai in ji gidan da maigidansa.

Delu ce ta raba gardamar. Ta zo da sandarta, ta zauna, ta ce ta ji ina taurin kai. Ta ce, "Mutumin da ya bar ta ta karye don kada ya leƙa gidana, shi zai so ta karya miki kai?"

Na kira Habu na ce na yarda, amma da sharaɗi. Ya kwance igiyar ya bar ta ta juya kafin ya sauke ta, kuma ya yi shela kafin ya hau. Ya yi dariya ya ce, "Inna, wa ke yin wannan yanzu?" Na ce ɗan babansa.

Da hantsi ya tsaya a gindin tsani, mutum mai 'ya'ya, yana jin kunya. Ya faɗa a hankali, na ce ban ji ba. Ya ɗaga murya, sai na ji muryar Malam sak, har na dafa bango. Unguwa ta yi tsit. Ya ɗaga ƙafa zai taka, na ce tukuna. Can sai ga wata tsohuwar murya daga bayan katanga: "Sai ka jira, ɗan Mai Farfela, ban gama ba." Ta bar shi a tsaye har ta gamsu, sannan ta ce ya hau, Allah ya sauko da shi lafiya.

Ya kwance igiyar. Farfela ta yi ƙara irin ta tsatsa, ta motsa, iskar bazara ta kama ta, ta juya, ta juya. Ƙwan fitila bai kama ba, batir ya daɗe da mutuwa. Na kalle ta har na ƙoshi, na ce ya sauke.

Yanzu tana jingine a zaure, inda aka ƙera ta. Wutar da Malam ya kawo ta ƙare, wata ta fi ta haske ta maye gurbinta, kuma ban yi baƙin ciki ba. Washegari ina alwala na ji Habu ya zo da masu buga kwano. Ban tuna masa da shela ba. Sai na ji shi a gindin tsani yana sallama ga masu gida, na kuma ji ya tsaya, yana jira.

Allah ya haskaka kabarin Malam.