Ganyen da Gwaggo Ta Kasa Faɗa

Gwaggo yayar mahaifina ce. A wani ƙauye kusa da Katagum ta yi rayuwarta, kuma babu macen yankin da ba ta san ƙofar ɗakinta ba. Yaro na zawo, ta tafasa masa sabara. Mai jego ta zo, ta haɗa mata saiwoyi. Shekarar da hatsi ya yi wuya kuwa, da tafasa da yaɗiya ta riƙe gidan, da 'ya'yan hanza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Ina yarinya nakan bi ta jeji idan an yi hutu, amma hankalina yana kan kanya da magarya. Tana nuna mini ganye, ni ina cika baki.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, sai muka ɗauko ta zuwa gidana a Azare, inda nake koyarwa a firamare. Hannun dama ya mutu, harshe ya karye. Kalma ɗaya ta rage mata: "To."

Wata Juma'a da hantsi wata dattijuwar Bafulatana ta yi sallama. Daga wata ruga ta wajen Yana suka taso, ita da 'yarta da jinjirin da bai cika wata ba. Sai da suka je ƙauye aka kwatanta musu gidana.

"Malama, nonon yarinyar nan ne ya ƙafe," in ji ta. "Ni ma haka ya yi mini a haihuwar fari, Gwaggonki ce ta ba ni wani jiƙo, kwana uku ya dawo."

Na kai su ɗaki. Gwaggo ta gane dattijuwar, har ta yi ƙoƙarin tashi. Ta dubi jinjirin, ta dube ni, bakinta yana motsi babu abin da ke fita.

Na san akwai ganyen nonon kurciya a haɗin, wannan kowa ya sani. Amma akwai wani ɗan tsiro da take tonowa a bakin fadama, tana kiransa mai jan ƙafa. Sunan da ta laƙaba masa ne ita kaɗai. Na tambayi masu sayar da magani a kasuwa, kowa ya girgiza kai.

Na sauki baƙin a gidana. Washegari maigidana ya goya ni a babur muka nufi ƙauyen. Fadamar da na sani babu ita. Shinkafa ce da albasa har bakin ruwa, injin ban-ruwa yana ta ƙara. Wani dattijo da ke gyaran kwamin albasa ya saurari kwatancena, ya ce, "Hajiya, tun da aka fara feshin maganin ciyawa, ko lalo sai an neme shi." Duk da haka na bi gefen gonaki ina tuge duk tsiron da karansa ya yi ja, har na cika rabin buhu.

Da muka dawo gida na zube su a tabarma gaban Gwaggo. Da hannun hagu take ɗauka, ta murza, ta shinshina, ta ture gefe. Ta ture wajen goma. Sai ta zo kan wani mai ƙananan ganye, ta riƙe shi ta daɗe.

"Gwaggo, shi ne?"

"To."

"Ko ba shi ba ne?"

"To."

Na ce ta gyaɗa kai idan shi ne. Kan nata ya yi ta rawa kamar yadda yake yi tun da ciwon ya same ta. Hawaye suka gangaro mata. Har yau ban san ko na murna ba ne ko na takaici.

Dattijuwar ta miƙo hannu. "Ba ni, Malama, mu gwada. Allah ne mai warkarwa."

Na hana ta. Na sha jin Gwaggo tana cewa akwai tsiron da ke da ɗan'uwa mai kisa, kamarsu ɗaya. Ranar Litinin na raka su asibiti, aka rubuta wa jinjirin madarar gwangwani, aka ce uwar ta riƙa cin abinci sosai. Suka koma ruga da yamma. Babu mai waya a cikinsu, ban sake jin labarin yaron ba.

Gwaggo ta rasu da damina. Bayan sadakar bakwai muka buɗe ɗakinta na ƙauye, muka tarar da ƙulle-ƙullen gari da sassaƙe cike da tukwane biyu, babu wanda ya san na mene ne. Mahaifina ya ce kada wani ya sha ya cutu. Aka haƙa rami a bayan gida, ni na riƙa miƙa masa yana zubawa.