Takalman da kuku ya wanke

Yayana ya yi aikin soja fiye da shekara ashirin, har ya kai saje. Ni kuwa ban taɓa barin Tamale ba, gyaran keke nake yi a unguwar Aboabo tun ina saurayi. Hirarmu ba ta da yawa, amma akwai wani fim na Turawa da muke so mu biyu, na ban dariya, labarin kuratan soja da ba su iya komai ba. A ciki akwai saje mai ihu wanda hularsa ke faɗuwa kullum, da wani siriri da ke juyawa hagu in an ce dama, da kuku mai tumbi wanda in ya raba abinci sai kwano ɗaya ya yi yawa, ya tsaya riƙe da shi yana waige-waige. Ni a gidan bidiyo na gan shi, a kan benci, sau biyar ko shida. Shi a wani sansani ya gani, lokacin da aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje.

Bayan ya yi ritaya ya zauna a unguwar Kaladan. Kullum bayan La'asar yana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa da abokansa, wani tela da wani tsohon direba, shi ke ba da labari su suna saurare. Sai hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma ya fara mantuwa. Yakan kira 'yarsa da sunan mahaifiyarta da ta rasu.

Wata Juma'a ina wurin aka tuno da fim ɗin, muna ta dariya. Yaya ya ce, "Ni inda ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kuku ya zauna yana wanke takalman siririn nan bayan ya mutu."

Na ce, "Yaya, wa ya mutu? Ba wanda ya mutu a fim ɗin nan."

"Ya mutu. A kogi."

Tela ya ce, "Saje, ka haɗa fim da mafarki ke nan. Gobe ma sai ka ce kai ne kukun."

Direba ya ce ai tumbin ya yi kama. Muka yi dariya, har da ni, kuma tawa ta fi ƙarfi. Na ƙara da cewa sau shida na gani, na san shi kamar sarƙar keke. Yaya ya dube ni ya ce, "Har da kai?" Ya jawo sandarsa ya shiga gida.

Daga ranar bai ƙara fitowa gindin bishiya ba. In an tambaye shi wani abu sai ya ce, "Ku tambayi masu hankali." 'Yarsa ta same ni a rumfa ta ce, "Baba ƙarami, likita ya ce zaman shirun nan zai ƙara masa ciwo. Ko da ni ba ya magana." Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya juya fuska bango. Haƙurin nawa na lallashi ne, kuma ya gane, don har lokacin ina ganin ni ke da gaskiya.

A shekarar ne na shiga ajin koyon karatu na manya. Ina da shekara arba'in da tara na fara riƙe fensir. Duk abin da na gani da rubutu sai na tsaya, allon shago, buhun shinkafa, bayan mota. Wata rana a kasuwa na tarar da mai tsofaffin faya-fayan fim ya baza su a ƙasa. Na ga hoton kukun nan a kan kwali biyu. Da can da na ce abu ɗaya ne. Na tsuguna na juya bayansu ina bi da yatsa, na ga lambar mintocin ɗaya ta fi ta ɗayan da kusan talatin. Na saye su duka, na kai wa malamarmu. Ta ce masu fim sukan yanke wasu wurare don kada ya yi tsawo a silima, daga baya su fitar da cikakken.

Na ari na'urar kallon faifai wajen maƙwabci. Ranar Lahadi na rufe rumfa, na kalli gajeren da safe, dogon bayan Azahar, da littafin aji a cinyata ina sa alama duk inda suka bambanta.

Gajeren shi ne wanda na sani, dariya na bin dariya. Amma a wannan karon na lura siririn ya ɓace tun tsakiyar fim, ba a sake nuna shi ba. Sau shida na kalla ban taɓa tambayar ina ya tafi ba.

A dogon, suna tsallaka kogi da igiya sai ruwa ya tafi da shi. Ba kiɗa a wurin. Aka nuna kuku zaune bayan kicin da bokiti, yana goge laka daga takalman da buroshi, ya jera su ƙarƙashin gadon da ba kowa. Sai na koma baya na duba littafina. Kwanon nan da yake yin yawa, ba ya yin yawa a farkon fim. Bayan kogin ya fara. Rabon siririn ne kukun yake zubawa. Shekara da shekaru ina dariyar wannan kwano.

Washegari ban kai wa Yaya faifan a ɗaki ba. A gaban mutane na ƙaryata shi, don haka na kira tela da direba, muka fito da talabijin gindin darbejiya, muka ja waya daga taga. Da ƙyar 'yarsa ta shawo kansa ya fito. Ya zauna can gefe, bai gaishe mu ba.

Da aka zo wurin bokitin, tela ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na ce, "Yaya, ga shi nan. Kai ke da gaskiya, ni ban ga duka ba."

Bai dube ni ba. Sai da kuku ya jera takalman ya ce, "Namu ba a kogi ba ne, mota ce ta kife da shi. Ni na wanke nasa. Lamba tara yake sawa, ɗaya ya fashe a dunduniya."

Ba mu taɓa jin wannan labarin ba. Ya ba da shi har aka kira Magariba, fim na ta tafiya ba mai kallo.

Mantuwar ba ta warke ba, har yanzu yakan rikita sunaye. Amma ya dawo gindin bishiya. Ina zuwa ranar Juma'a da littafina, yana faɗa ina rubutawa a hankali. In na tsaya neman harafi sai ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Kurtu, yi sauri, kafin in manta."