Shekarar da Barau Ya Ƙwace Gonar Da'u

A Balan idan ka tambayi gidan Barau mai shanun huɗa, ba mai wahalar da kansa wajen yi maka kwatance. Ce maka za a yi ka bi hayaniya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ya ba shekara sittin baya, muryarsa kuwa ko raɗa ya yi sai an jiyo a bayan gari. Kakansa Babarbare ne da ya zo fataucin kanwa daga gabas, ƙasar Gaya ta yi masa, ya sauke kaya bai sake ɗaurawa ba. Barau bai gaji fatauci ba, yaren ma bai tsira da komai ba sai zagi biyu ko uku. Abin da ya gada ya riƙe da hannu bibbiyu shi ne wasan Barebari da Fulani, wato izinin tsokanar duk Bafulatanin da Allah ya halitta.

Allah kuwa ya ajiye masa nasa a kusa, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Da'u dogo ne siriri, ba ya magana sai ta kama. Shanun gidansu sun ƙare tun zamanin mahaifinsa, ga Barau da bijimai biyu ƙosassu, wannan kaɗai ya ishe shi abin tsiya har ƙarshen rayuwa. Kullum da safe sai ya leƙa ta kan katanga ya ce, "Bawana ya tashi?" Da'u ya amsa, "Na tashi, ɗan bawan gidanmu." Shekara hamsin ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya kira ɗan'uwansa da sunansa. Ba kuma wanda ya taɓa ganin ɗaya ya sa hannu a tuwon sallah kafin ɗayan ya iso.

Bara waccan, ana saura mako biyu ruwa ya sauka, babur ya kayar da Da'u a hanyar dawowa daga kasuwar Ajingi, ya karye a cinya. Mai ɗori ya ce wata uku ba taka ƙasa. 'Ya'yansa mata duk suna gidajen mazajensu, namijin guda, Musbahu, yana Legas yana fama da kansa. Gonar nan ita ce tuwon Da'u da matarsa Karimatu, in ta kwana ba shuka, shekarar ta tafi.

Mutanen unguwa suka ce za su yi masa gayya. Da'u ya yi godiya ya ce a bari, Musbahu na nan tafe. Barau ya san babu wani Musbahu da ke tafe, ya kuma san fillancin mutumin nasa. Da a ce an taimaka masa don tausayi, gara ya kwana da yunwa ya fito yana sakace. Abin ya dami Barau ƙwarai, kwana uku ba a ji muryarsa sosai ba, har matarsa Talatu ta fara tambayarsa ko zazzaɓi ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zauren Da'u ya cika da 'yan dubiya. Barau ya shigo ko sannu bai ce ba, ya tsaya a tsakiya ya gyara hula.

"Jama'a ku zama shaida," ya ce. "Bawan nan nawa ya kwanta, ba ya da sauran amfani. Bawa da abin da ya mallaka duk na ubangidansa ne. Daga yau na ƙwace gonarsa ta bakin tsamiya."

Zaure ya fashe da dariya. Da'u ya ɗago daga tabarma ya ce, "Ka taka gonata ka gani, ɗan kanwa."

"Tashi ka hana ni."

Nan fa Da'u ya shiga tarko. Abokin wasa in ya ƙwace maka abu ba ka fushi, ba ka kai ƙara wajen mai unguwa, in ka yi kai za a yi wa dariya har jikokinka. Godiya ma babu wurin yinta, don wa ke gode wa wanda ya yi masa ƙwace? Ya koma ya kwanta yana cewa Allah ya isa, mutane na ta riƙe ciki.

Da ruwa ya sauka, kowa ya san kwanakin huɗa ƙidayayyu ne, mai shanu kuma a lokacin ya fi ango farin jini. Barau ya wuce masu jiransa, ya wuce tasa gonar, ya kora bijimai zuwa bakin tsamiya. Irin da ya ajiye wa kansa shi ya zuba a can, gero da gyaɗa. Ya yi noman farko, ya yi maimai. Kullum in ya taso sai ya biya ta zauren ya ba da rahoto: "Gonata ta yi kyau yau. Ashe da can rashin manomi ne ya dame ta." Tasa gonar kuwa sai da ƙasa ta fara shan iska sannan ya waiwaye ta, da ragowar iri da gajiyayyun shanu.

Talatu ta ce, "Malam, mu kuma ƙwacen za mu tuƙa mu ci?" Ya ce ta bari, Allah ba ya barin ɓarawon kirki da yunwa. Ta ce ita ba ta taɓa jin wannan a wajen malamai ba.

Akwai wani malamin gona, Bitrus, Kirista ne da ke zagaya ƙauyuka daga Gaya a kan babur. Ya ga gonakin biyu, ya gane zancen tun kafin a faɗa masa. Ya samu Barau a gindin tsamiya ya ce, "Baba, a littafinmu akwai ɗan sarkin da ya tuɓe rigarsa ya ba amininsa, har ya haƙura da gadon sarauta dominsa. Da su ake yi mana wa'azi, a ce haka mai imani yake riƙon amana. Ban zaci zan zo Balan in gani da idona ba."

Barau ya ce, "Shi wannan ɗan sarkin ai ba Bafulatani ya samu ba. Ni nawa ko tsohuwar hula ba zan ba shi ba." Ya miƙe ya hau duba garma, wadda ba abin da ya same ta.

Da kaka ta yi, dabarar Barau ita ce ya yanke geron, ya cire gyaɗar, ya tara a gonar, sannan ya ce ya fasa ƙwacen. Abin da bai sani ba, ranar da Da'u ya fara fita da sanda, ba gonarsa ya nufa ba. Ta Barau ya je. Ya daɗe tsaye yana kallon geron da bai kai ƙugu ba, zangarniya kamar yatsa, ya juyo gida.

Saboda haka da Barau ya zo zaure ya yi shelar cewa ya mayar da gona da abin da ke cikinta, don ƙasar Fulani ba ta da albarka, sai Da'u ya girgiza kai.

"A gaban shaidu ka ƙwace, ga su nan zaune. Ni ba na cin kayan ƙwace. Kwashe tarkacenka daga gonata."

Barau ya buɗe baki, ya rufe. In ya ce don kai na noma, ya tona abin da ya yi wata huɗu yana rufewa. In ya kwashe, Da'u da Karimatu sun shiga rani hannu sake. Mutanen Balan har yau suna ba da labarin shirun nan, don ba su taɓa jin irinsa ba.

Can ya ce, "To, kayana ne, na karɓa."

Ya ɗaura wa bijimai amalanke ya kwashe komai zuwa rumbunsa, ya haɗa da ɗan abin da tasa gonar ta bayar. Da ya gama sai ya ɗauko diga ya nufi katangar da ke tsakanin gidajen biyu, ya fasa ƙofa daidai wucewar mace da ƙwarya a ka.

"Ciyar da bawa wajibi ne a kan ubangida," ya faɗa ta cikin ƙurar, yadda duk unguwa za ta ji. "Karimatu, ga rumbu nan, kada ki tambayi kowa."

Da'u ya dogara sandarsa ya zo bakin ƙofar. Barau ya gyara tsayuwa yana jiran baƙar magana, har ya tanadi amsa. Da'u ya dubi rumbun, ya dubi mutumin da ƙasa ta rufe masa gira.

"Barau," ya ce a hankali.

Barau ya juya da sauri ya nufi turke, ya hau ɗaya daga cikin bijiman da faɗa, shi kuwa bawan Allah yana kwance yana tuƙa, bai yi laifin komai ba. Talatu ce kawai ta ga yana share ido da bakin riga. Ƙofar tana nan har yau, ba a sa mata ƙyaure ba.